Zuwa Ga Ƙaramar Ministar Ilimi: Ina Jajin Yaran Yanzu?

Mai girma Ƙaramar Ministar Ilimi ta Tarayya,
Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad,





Ranki ya daɗe, ni tsohuwar malamar makaranta ce. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina shaƙar ƙurar alli, mafi yawansu a ƙaramar sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo, kafin in ajiye aiki. Da Hausa na rubuto miki don ina son iyayen yaran da zan yi magana a kansu su ji abin da na faɗa miki da kunnensu. Ke kuma na zaɓa saboda daga aji kika fito. Wadda ta horar da malaman kimiyya a Jami'ar Bayero ba sai an yi mata dogon bayani a kan amfanin bincike ba. 'Yar Jigawa kuma ba sai an kwatanta mata yadda aji yake ramewa ba: a aji ɗaya benci ba ya isa, kafin a kai aji uku an fara ajiye jaka a gurbin mutum.

Maganata a kan abin koyi ce, wato mutumin da yaro mai tasowa zai kalla ya ce ni ma haka nake son in zama. Babu mai musun cewa yara suna bukatarsa. Inda muke yin tuntuɓe shi ne irin wanda muke kawo musu, da kuma tsawon lokacin da muke barinsa tare da su.

Wata shekara aka ce mana za a kawo wa ɗalibanmu babbar baƙuwa da za ta zaburar da su. Mako biyu muna share-share. Aka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, aka yi hayar kujerun roba, aka kafa rumfa ta manya. Tun ƙarfe tara aka jera yara a rana, masu fararen hijabai a gaba, masu koɗaɗɗu a baya inda kyamara ba za ta kai ba. Baƙuwa ba ta iso ba sai dab da kiran azahar. Ta yi magana kamar minti ashirin, rabi da Turanci, ta ce ita ma ta sha wahala, don lokacin da take karatu a Ingila sanyi ya kusa halaka ta. Aka tafa, aka raba littattafan rubutu, motoci suka tashi. Washegari na shiga aji na ce, to, me kuka tsinta a jawabin jiya? Shiru. Can sai wata daga baya, wadda na san da yamma tallar awara take yi, ta ce, "Malama, jakarta ta yi kyau." Aji ya fashe da dariya. Ta kusa da ita ta ƙara da cewa, "Ai su daban Allah ya yi su."

Ban ga laifin baƙuwar ba. Da zuciya ɗaya ta zo, kuma karatunta ba na wasa ba ne. Sai dai tsakaninta da yaran nan akwai kogin da ba su ga gadarsa ba, ita ma ba ta san da shi ba balle ta nuna musu mashiga.

A wannan zangon dai, ba da wani shiri ba, wata tsohuwar ɗalibarmu ta shigo duba ƙanwarta. Ta gama makarantar ungozoma, tana aiki a asibitin sha-ka-tafi na wata unguwa. A daidaita sahu ta zo, da farin kayan aikinta, takalmin ya sha ƙura. Ranar malamin lissafi bai zo ba, sai na ja hannunta na shigar da ita aji uku. Yaran sun san ta, sun san gidansu, sun san mahaifiyarta mai ƙosai a kusa da masallacin Juma'a. Ba ta yi jawabi ba, don ba su ba ta dama ba. Nawa ne kuɗin fom? Kiredit nawa ake nema? Lissafi a zama ɗaya kika ci? Ta ce ina, sai da ta sake zama, kuma kuɗin sakewar daga adashin mahaifiyarta ya fito. Yaya kika yi da Baba da maganar aure? Ta ce kawunta ta kai wa kuka, shi ya zauna da mahaifinta, aka yi auren tana shekara ta biyu bisa sharaɗin sai ta ƙarasa, kuma a gaban waliyyai aka faɗi sharaɗin. Mai awarar nan ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, nawa ake biyanki?" Na buɗe baki zan tsawatar, ita kuwa ta faɗa mata gaskiya, har da abin da ake cirewa. Aka kaɗa ƙararrawar tashi, babu wadda ta motsa.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin abin da idona ya gani kawai, irin labarin da malamai ke ba juna a ɗakin hutu. Sai da ɗiyata ta shiga digiri na biyu a fannin ilimi, ta riƙa cika mini falo da takardu, sannan na gane ashe masana sun daɗe da ɗora wannan magana a kan sikeli.

A Madagaska, wata mai bincike, Trang Nguyen, ta gwada abin a makarantun firamare 640, sakamakon ya fito a 2008. A wasu makarantun an tara iyaye da yara, aka kawo mutumin yankin da ya yi karatu ya samu rufin asiri, ya ba da labarin kansa. Wasu ɗan talaka aka kai musu, wasu kuma wanda ya tashi cikin wadata. Da aka yi jarrabawa daga baya, 'ya'yan talakawan da suka saurari ɗan talaka ɗan'uwansu makinsu ya ɗaga. Waɗanda suka saurari ɗan masu hali kuwa, kamar an shuka dusa. Akwai kuma wani ɓangare na binciken da nake so ma'aikatarki ta riƙe da kyau. Makarantun da ba a kai musu kowa ba, sai dai aka gaya wa iyaye alƙaluma tsagwaronsu, ga abin da mai firamare yake samu a wata, ga na mai sakandare, su ma makin yaransu ya ɗaga. Ashe tambayar mai awara ba rashin kunya ba ce. Lissafin da ake yi a gidansu kowane dare ne ta kawo aji, na tire ya fi ko allo ya fi.

Na Indiya ya fi wannan girma. A 1993 doka ta ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun shugabancin majalisun ƙauyuka, kuma ba da son rai ake zaɓen ƙauyen da abin zai faɗa wa ba, tamkar ƙuri'a ce. Lori Beaman da Esther Duflo da abokan aikinsu suka bi ƙauyuka 495 a jihar Bengal ta Yamma, suka tattauna da mutum 8,453, matasa 'yan shekara 11 zuwa 15 da iyayensu, suka wallafa abin da suka gano a 2012. Inda mace ta yi shugabanci zango biyu, tazarar da ke tsakanin burin yara maza da na mata ta ragu da kashi 32 cikin ɗari, iyaye ma suka ɗaga burinsu a kan 'ya'yansu mata, tazarar karatu tsakanin jinsin biyu ta gushe, aikin gida da ke cinye lokacin 'yan mata ya ragu. Waɗannan shugabannin ba su shiga aji sun yi wa kowa wa'azin karatu ba. Ganin su kawai ake yi kullum, suna yanke hukunci a kan rijiya da hanya. Amma a lura, ranki ya daɗe, zango biyu aka ce. Inda aka yi zango ɗaya aka koma gidan jiya, sauyin bai taka kara ya karya ba.

Kada in ɓoye abin da bai goyi bayana ba. A Uganda, Emma Riley ta kai ɗaliban sakandare kimanin 1,500 silima a Kampala ana dab da jarrabawar ƙasa. Rabi suka kalli Queen of Katwe, labarin Phiona Mutesi, yarinyar unguwar marasa galihu mai tallar masara da ta zama gwanar wasan dara na Turawa, sauran kuma suka kalli wani fim da babu ruwansa da wannan. A cikin 'yan ƙaramin aji, waɗanda suka kalli labarin Phiona faɗuwarsu a lissafi ta ragu, musamman 'yan mata. Wannan kallon yini ɗaya ne, kuma ya yi aiki. Sai dai a duba wadda suka kalla: 'yar garinsu ce, mai ɗaukar tire irin nasu.  (Ga masu shirya finafinanmu na Kano kuwa, ga labari nan kwance a kowace unguwa, in za su ɗan huta da rikicin kishiya.)

Maganar daɗewa ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin a nan ne kyakkyawar niyya take iya zama cuta. A Amurka akwai tsohuwar ƙungiya mai suna Big Brothers Big Sisters, wadda ke haɗa yaro da babban mutum ɗan sa-kai ya zame masa wa ko ya. Jean Grossman da Jean Rhodes sun duba bayanan matasan shirin a 2002. Waɗanda alaƙarsu ta kai shekara ko fiye su suka fi amfana, a karatu da hali da zamansu da iyaye. Waɗanda alaƙarsu ta watse kafin wata uku kuwa, baya suka ci, har ganin ƙimar kansu ya ragu. Duk wanda ya yi renon ɗan shekara goma sha huɗu ya san dalili. In ka ce masa za ka dawo ba ka dawo ba, ba ya cewa aiki ne ya riƙe ka, cewa yake yi shi ne bai isa a dawo dominsa ba.

Wanda ya fi wannan ban tsoro shi ne na garuruwan Cambridge da Somerville a jihar Massachusetts, wanda aka fara a 1939. An ɗauki yara maza, aka jera su bibbiyu masu kama da juna a hali da gida, aka jefa kwabo: ɗaya ya shiga shiri, ɗaya a bar shi yadda yake. Yara 253 aka ba masu ba da shawara da ke ziyartar su har gida, da malaman ƙarin darasi, da likita, da sansanin hutu, na kimanin shekara biyar. Bayan shekara talatin Joan McCord ta bi sawunsu, ta fitar da sakamako a 1978. Da aka tambaye su, mafi yawansu yabon shirin suka yi, wasu ma suka ce shi ya cece su. Da aka buɗe takardun kotu da na asibiti sai aka tarar waɗanda aka taimaka ɗin sun fi takwarorinsu maimaita laifi, sun fi su shaye-shayen giya, sun fi su mutuwa da ƙuruciya. Nazarin da aka yi daga baya ya nuna abin ya fi muni ga waɗanda aka riƙa kaiwa sansanin hutu fiye da sau ɗaya, inda kangararru ke haɗuwa su koya wa juna abin da ba su zo da shi ba. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Ina tuna wannan duk lokacin da na ji wani ya ce a kwashe 'yan daba a tara su wuri ɗaya a gyara musu hali. Ina kuma tuna shi duk lokacin da na ga rahoton shiri cike da hotunan yara suna murmushi suna cewa sun amfana. Da ba a ajiye waɗancan 253 na gefe don kwatance ba, da har yau ana yabon wannan shiri ana kwaikwayonsa.

To, wane iri ne yake aiki? Ƙungiyar BRAC ta kafa kulob-kulob na 'yan mata a Uganda, kowanne a ɗaki guda cikin unguwa, jagorarsa kuma budurwa ce 'yar unguwar da ta ɗan girme su, an horar da ita, ana ba ta ɗan alawus. Bayan shekara huɗu, Oriana Bandiera da abokan aikinta suka tarar haihuwar ƙuruciya ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, masu sana'ar samun kuɗi kuma sun ƙaru da kusan rabi. Aka ɗauki wannan tsari aka kai Tanzaniya, ƙungiya ɗaya, suna ɗaya, sai bai haifar da komai ba. Masu binciken suka danganta abin da ƙarancin kuɗi: wurin haɗuwa babu tabbas, kayan aiki ba su wadata ba, horon jagorori ya yi rauni.

Ranki ya daɗe, duk wannan yawo da na yi da ke daga Madagaska zuwa Amurka, a ƙarshe gida ya dawo da ni. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta fuskanci matsala irin tamu: mata a ƙauyuka masu nisa, ba su da hanyar zuwa wurin malamai. Tana da ilimin da za ta iya zama a gida a riƙa zuwa kallonta ana mamaki, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Abin da ta yi shi ne ta zaɓi mata dattijai masu mutunci daga cikin ƙauyukan kansu, ta karantar da su, ta naɗa kowacce jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle don kowa ya san da izini take tafe. Jaji ita ke jagorantar ayarin tsofaffi da ƙananan 'yan mata zuwa wurin Nana, su ɗauki karatu cikin waƙoƙin da ke da sauƙin haddacewa, su koma su isar wa matan aure da ke cikin gida. Su ne 'Yan Taru. Ki duba abubuwan da ta haɗa: 'yar gari ce, an horar da ita, an ba ta alamar girma a bainar jama'a, tana da wadda take komawa wurinta ta ƙaro ilimi, kuma ba ta zuwa sau ɗaya ta ɓace. Da Nana ta rasu 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba, tsarin ya rayu har bayan zuwan Turawa. Abin da masana ke aunawa yau da ƙuri'a da alƙaluma, an yi shi a ƙasar Sakkwato da ƙafa da jaki. Ko a zamantakewarmu ta yau da kullum muna da uwar ɗaki da 'yar ɗaki, muna da ubangida da yaronsa. Da na gaba ake gane zurfin ruwa, amma sai na gaban yana inda ido zai iya hango shi.

Kuma ba tarihi kaɗai ba ne. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya, wadda ta samo asali daga haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, ta shafe shekaru tana tara 'yan mata rukuni-rukuni a cikin unguwanninsu ƙarƙashin jagora mace, ana koyon karatu da lissafi da dabarun zaman duniya, bayan an zauna da iyaye da limamai da masu unguwanni an samu yardarsu. An auna wani shirinta mai suna Pathways to Choice a garuruwa 18 na Arewa, rabi an yi shirin, rabi ba a yi ba. Bayan shekara biyu, a inda ba a yi ba kashi 86 cikin ɗari na 'yan matan an aurar da su, a inda aka yi kuwa kashi 21 ne, kuma makaranta ce ta riƙe mafi yawansu. Ni ba aure nake yaƙa ba, da goyon ɗana na fari na yi karatun malanta. Abin da nake so shi ne yarinya ta shiga ɗakinta tana iya karanta takardar magani. Gari 18 ba su da yawa, kuma shirin bai tsaya ga jagora kaɗai ba, ya haɗa da ƙarin darasi da tallafin komawa makaranta. Wannan ma darasi ne, don buri ba ya sayen yunifom. Robert Jensen ya ga haka a Jamhuriyar Dominika: da aka gaya wa samari ainihin ribar gama sakandare, masu ɗan hali sun ƙara zama a makaranta, mafi talauci kuwa ba su iya ba.

Na san akwai AGILE, shirin tallafa wa karatun 'yan mata. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don jihohi bakwai, Borno da Ekiti da Kaduna da Kano da Katsina da Kebbi da Filato, a 2023 aka ƙara miliyan 700, jihohin suka kai 18. A ciki akwai gina azuzuwa, da tallafin kuɗi ga iyaye, da zaman koyon dabarun rayuwa ƙarƙashin jagorori. Kafin shi an yi wani shirin ilimin 'yan mata, GEP3, daga 2012 zuwa 2022 a jihohi shida, har da ɗaukar nauyin 'yan matan karkara su yi karatun malanta su koma garuruwansu su koyar, wanda a ganina yana cikin mafi hikimar abin da aka taɓa yi mana. Fargabata ita ce kowane shiri irin wannan yana da ranar rufewa, kuɗin AGILE ma bashi ne da jikokinmu za su biya. Ajin da aka gina zai tsaya ko bayan an naɗe tabarma. Jagora kuwa, ranar da alawus ya tsaya, ranar za ta koma neman abin da za ta ci, yaran da suka saba da ita su shiga sahun waɗanda aka yi wa alkawari aka saɓa.

Don haka roƙona shi ne a mayar da jaji gurbi tabbatacce a kowace ƙaramar sakandare, da layinsa a kasafin kuɗi, tun kafin masu ba da rance su tafi. A ɗauko ta daga tsofaffin ɗaliban makarantar ko daga unguwar, mai NCE ko ma'aikaciyar lafiya ko mai sana'ar da ta tsaya da ƙafarta. A tantance ta ta hannun kwamitin makaranta da iyaye mata, don ba kowa ake damƙa wa 'ya'yan mutane ba, kuma mace ga mata, namiji ga maza. A horar da ita, a riƙa kiranta sabunta horo, a biya ta a kan lokaci, ita kuma ta sa hannu cewa za ta riƙe rukuninta aƙalla shekara biyu, musamman a mashigar nan ta aji uku zuwa babbar sakandare, inda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sauke nauyinta, yara kuma suka fi zubewa. Za a ce ai akwai malamin gaidans. A takarda akwai shi, tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977. A makarantun da na sani, sau da yawa wanda darasinsa bai cika jadawali ba shi ake liƙa wa muƙamin, ofishinsa kuma nan ake ajiye tsintsiya da karyayyun kujeru. Na san mafi yawan makarantun nan na jihohi ne, ba a ƙarƙashinki suke kai tsaye ba. Amma kina zama da kwamishinoni a Majalisar Ilimi ta Ƙasa, kuma abin da Abuja ta sa a ma'aunin yabo da sakin kuɗi, shi jihohi ke bi da gudu.

Sai maganar maza, wadda nake jin nauyinta don ni ma na yi shekaru ban waiwaye su ba. Yaron maƙwabtana ya bar makaranta a aji uku. Ba dakiki ba ne, lissafin canji a kansa yake yi kafin mai shago ya taɓa kalkuleta. Da na tsare shi a zaure, cewa ya yi, "Mama, yayana mai digiri a gida yake kwana, mai sayar da fetur a galan ya sayi babur." Ban sami amsa ba a ranar. Abin koyi dai yana da shi, ba mu muka zaɓa masa ba. Wanda ya ja shi daga bakin titi a ƙarshe wani bakanike ne, da ya ce ba zai karɓe shi gareji ba sai da sharaɗin ya koma makaranta da safe, kuma duk ƙarshen zango sai ya ga sakamako kafin ya ba shi sufana. Wannan mutum bai taɓa jin sunan wani shiri ba. Irinsa suna nan a kowace kasuwa, teloli da kafintoci da masu gyaran waya, babu wanda ya taɓa kiransu makaranta ya ce ga yara goma. A Chicago an auna wani shiri mai suna Becoming a Man, zaman awa ɗaya a mako a cikin makaranta, inda jagora namiji ke koya wa samari su ja numfashi su yi tunani kafin fushi ya yanke musu hukunci. Kamen da ake yi musu kan laifin tashin hankali ya ragu da kusan rabi a lokacin shirin, masu gama sakandare kuma suka ƙaru. Mu da muka ga abin da kodin ya yi wa samarinmu har aka haramta maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, bai kamata a ce sai 'yan mata kaɗai ke da wurin zama da jagora ba. Su ne fa mazan da 'yan matan za su aura.

Abu na ƙarshe ya shafi sana'arki ta asali. Kusan duk binciken da na ambata na wasu ƙasashe ne, in ban da na Zariya. Muna da tsangayoyin ilimi a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, muna da kwalejojin ilimi a kowace jiha, muna da asusun bincike na TETFund. Kundayen ɗalibanmu kuwa, na ga na ɗiyata da na ƙawayenta, yawanci takardar tambayoyi ce ake raba wa mutum ɗari a tambaye su ko sun yarda abin koyi yana da amfani, su ce sun yarda, a ɗaure kundi a ajiye wa gara. Tunda kuɗi ba zai isa a fara ko'ina lokaci ɗaya ba, a fitar da makarantun farko da ƙuri'a a gaban jama'a. Hakan ya fi adalci a kan a bar wa mai uwa a gindin murhu, kuma shi zai ba masana damar kwatanta inda aka yi da inda ba a kai ba tukuna. A ba jami'o'inmu aikin bin yaran shekara uku, shekara biyar, a ƙirga waɗanda suka shiga babbar sakandare da waɗanda suka gama, ba waɗanda suka halarci taro ba. In sakamako ya fito a faɗe shi da Hausa da Kanuri da Fulatanci a rediyo, ko da cewa ya yi abin bai yi aiki ba.

Ungozomar nan da na ba ki labari, bayan ranar farko na roƙe ta, ta yarda ta riƙa zuwa duk Alhamis bayan ta tashi daga aikin safe. Ta riƙa zama da su a ƙarƙashin dalbejiya, wani lokaci da fom a hannu suna koyon cikewa, wani lokaci hira kawai. Sau biyu ta je gidan mai awara ta zauna da mahaifiyarta. Daga aljihunta take biyan kuɗin mota, ni kuma ba ni da wani layi a kasafin makaranta da zan rubuta sunanta. Da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin daidaita sahu ya ninka, ta fara tsallake mako, daga baya ta aiko ƙanwarta ta ba ni haƙuri. Har na ajiye aiki, duk Alhamis sai wata ta leƙo ofishina ta ce, "Malama, Anti ta zo?"

Allah ya ƙara wa Minista lafiya da basira.

Wassalam.

Taki,
Wata tsohuwar malamar sakandare